Yadda Ake Fara Lambu a Tsakar Gida Kafin a Koma Gona

Shekara uku ke nan ina ɗauke da buri guda: in kwashe iyalina mu bar gidan haya a cikin Kano, mu koma inda zan fito da asuba in ga dawata a tsaye, awaki a turke, rumbu a cike. Duk wanda ya auno masara da tsada, ya dawo ya tarar ana jiransa da zancen kuɗin haya, zuciyarsa ta taɓa raya masa haka. Shawarata ita ce kada ka fara da cigiyar gona. Fara da shuka a buhu shida a gidan da kake ciki, su za su nuna maka ko jikinka da aljihunka za su iya.

Mataki na farko, nemi rana da ruwa. Ka yi kwana biyu kana lura da inda rana ke daɗewa a tsakar gida, aƙalla awa shida. Ruwa kuwa, in a hannun 'yan garuwa kake saye, ajiye bokiti a tara na alwala da na wanke shinkafa da kayan miya. Ban da ruwan wanki, sabulu yana lalata ƙasa.

Na biyu, haɗa ƙasa. Samo tsofaffin buhunan shinkafa, ka naɗe bakinsu zuwa rabi, ka huda gindin a wurare da yawa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Zuba kashi biyu na ƙasa, kashi ɗaya na taki. In ƙasar laka ce, ƙara rairayi. A nan nake so ka tsaya sosai, domin a nan na yi asara. Shekarar farko na kwaso kashin kaji ɗanye daga wani gidan kiwo, na zuba don ɗoki. Cikin kwana uku alayyahuna da ya fara buɗe ganye ya yi rawaya, ya kwanta kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ɗanyen taki ƙone shuka yake yi. Tara shi a inuwa, ka yayyafa ruwa, ka riƙa juyawa duk sati har kamar wata biyu. In ka cusa hannu ka ji ba zafi, wari ya tafi, ya yi baƙi yana wargajewa, to ya nuna. Na awaki da tumaki ya fi na kaji sanyi.

Na uku, shuka abin da tukunyar gidanka ke nema. Alayyahu ne abokin mai koyo: irinsa ƙanana ne, gauraya shi da rairayi ka barbaɗa, cikin sati huɗu ka fara yanka. Yanke za ka yi, kada ka tuge, zai sake tohowa. Kuɓewa ƙwaya uku a buhu, in sun fito ka bar mai ƙarfi ɗaya, wajen wata biyu ta fara 'ya'ya. Zogale ko reshe ka dasa a jikin katanga zai kama, sai dai ka riƙa datse kansa don ya yi rassa inda hannu ke kai.

Tumatir ka yi masa haƙuri sai damina ta ɗauke, shi ɗan sanyi ne. Yi renonsa a Oktoba, bayan sati uku zuwa huɗu ka dashe da yamma. Riƙa duba ganye saboda tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Ganyen da ka ga ta yi rami a cikinsa, tsinke shi ka ƙone. Ga sauran ƙwari, daka ganyen darbejiya ka jiƙa ya kwana, ka tace ka fesa.

Na huɗu, kare su daga kaji da ƙadangaru. Tsohon gidan sauro ya isa.

Na biyar, buɗe littafi. Rubuta abin da ka kashe da abin da uwargida ta daina saye. Da na yi nawa lissafin sai na ga lambu miya yake bayarwa, tuwo sai gona. Wannan ne ya sa na fasa ajiye aikina da gaggawa.

In ka yi shekara guda buhunan ba su bushe a hannunka ba, sai mataki na shida: kama hayar gona ta damina ɗaya a garin da ranka ke so, kana zuwa kana dawowa. Ka je a Agusta ka ga yadda hanya take in ruwa ya sauka, ka koma a Afrilu ka leƙa rijiyarsu. Wuraren Kura da Kadawa da Garun Malam suna noman rani da ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, amma yawancin ƙauyuka sai abin da sama ta ba su. Tambayi makarantar yara, asibiti, zaman lafiyar yankin, da inda burtali ya bi. Kuma ka tafi da matarka ta gani da idonta, ita ma zaman nata ne.

Ranar da za ka saya, bincika ko gonar gado ce, ka tabbata duk magada sun yarda. A yi ciniki a gaban mai unguwa da dagaci, a rubuta, shaidu su sa hannu, a zaga iyaka tare da maƙwabta. Dokar ƙasa ta 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka a karkara, don haka ka nemi taka.

Ni dai bana na kama hayar rabin eka, zan sa dawa da wake. Takin da na tara tun hunturu ya nuna, ranar Asabar zan ɗora shi a mota.