Kafin ka zuba kuɗi a tayil: kurakuran da ake ta maimaitawa a ƙasan ɗaki

Yanzu a Gombe in ka shiga sabon gida, Tumfure ne ko Pantami ko ma cikin Bolari inda ake rushe tsohon gini a ta da sabo, da wuya ka ga daɓen siminti, kowa tayil, har ɗaki ciki da falo na haya sai ka ga an manna masa. Ba laifi ba ne wannan. Matsalar dai yawancinmu da ido muke zaɓe, a shiga shago a ga wanda ya fi ƙyalli a ce a ɗaure kwali kaza, ba a tsaya an tambayi kai ba wai shin a gidan nan waye zai taka, me za a zubar, me za a ajiye a kai.

Mu fara da wanda ba a gani, don shi ya fi cin kuɗi. Mutum zai kashe maƙudan kuɗi a tayil amma cikon da ke ƙarƙashi an yi shi a gaggauce, tifa ta juye ƙasa, lebura sun baje da shebur, washegari an zuba kankare. To ai ƙasar nan za ta zauna, ko ba jima ko ba daɗe, damina ɗaya ko biyu sai ka ji tsakiyar falo ya yi rami tayil ya fara tsagewa layi guda tun daga ƙofa har bango. Kuma wurare da dama a yankin nan ƙasar laka ce, da damina ta kumbura da rani ta daddare, duk abin da ka ɗora mata sai ta motsa shi. Gyaran tun farko ne: a kwashe lakar sama, a kawo jar ƙasa ko burji, a zuba kaɗan-kaɗan kamar santimita 15, a yayyafa ruwa a daddaɓe sannan a ƙara wani. Kafin kankare a shimfiɗa leda mai kauri don ta tare danshi, ledar nan kuɗinta bai kai na kwalin tayil biyu-uku ba amma ita ake fara yankewa in an zo rage lissafi, daga baya kuma a dinga mamakin me ya sa gindin bango ke jiƙewa fenti na ɓarewa. Sannan kankaren a ba shi ruwa aƙalla kwana 7, cikakken ƙarfinsa kuwa sai wajen kwana 28. Muna da kamfanin siminti na Ashaka a nan Funakaye, siminti ba baƙonmu ba ne, amma ko wane irin siminti ka sayo in magini ya cika masa yashi don buhu ɗaya ya yi aikin biyu, sunan kamfani ba zai cece ka ba.

Sai santsi. Wallahi wannan shi ya fi ba ni haushi, tayil mai sheƙi irin na falo a kai shi banɗaki saboda wai ya yi saura kar a yi asara. Mu fa gidajenmu gidajen ruwa ne, alwala sau biyar, buta a bakin ƙofa, yara su fito wanka a guje, ga tsohuwa a gida da ƙafa ba ƙwari. Banɗaki, wajen alwala, baranda da ruwan sama ke feshowa, bakin kicin, duk mai kaushi ake sawa, kuma ƙanana sun fi, irin 30 da 30, don yawan layukan da ke tsakani ma yana riƙe ƙafa kuma ya fi sauƙin ba shi gangare. A shago kar ka ji kunya, ka ɗiga ruwa a kan samfurin ka goga da tafin hannu, in hannunka ya zame to ƙafar Hajiya ma za ta zame. Gangaren kuma ka tsaya a kai da kanka, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa wajen magudana, kuma kafin ka sallami mai aiki ka sheƙa bokitin ruwa ka ga inda ya nufa. Gidaje nawa ne kullum sai an bi ruwan wanka da tsintsiya ana kora shi. In an riga an sa mai santsin kuma ba halin cirewa yanzu, a samu tabarmar roba mai huji-huji a shimfiɗa, ba magani ba ne amma ta fi babu.

Akwai kuma masu sa tayil ɗin bango a ƙasa don ya fi araha. Na bango siriri ne, ba a yi shi don a taka ba, ƙafar gado kaɗai ta isa ta fasa shi.

Kala ma ana shan wahala a kanta. Fari tas da baƙi wuluk su ne suka fi kyau a shago kuma su ne suka fi wahalar da matar gida, don daga Disamba zuwa Fabrairu in hunturu ya buso da ƙura, ka goge da safe kafin azahar sawun kowa ya fito raɗau, baƙin ma ya fi farin tona asiri. Ruwan ƙasa, ruwan madara, toka-toka mai ɗan zane a jiki, su ne ke ɓoye ƙura. Ni dai a ganina maigida bai kamata ya je zaɓen kala shi kaɗai ba, a tafi da wadda za ta riƙe mofa.

Wajen lissafi kuma, mutane na sayen daidai-wa-daida. Ɗaki mita 4 da mita 4 sikwaya mita 16 ke nan, tayil 60 da 60 in guda 4 ne a kwali to kwalin bai wuce sikwaya mita 1.44 ba, ka ga kwali 11 ba zai rufe ba sai 12, kuma ba a sa na yanka da wanda zai fashe a hanya da na gindin bango ba. A ƙara kamar kashi 10 cikin 100 a kai. Dalili kuwa, in ya yanke maka ka koma bayan wata biyu, ko dai a ce samfurin ya ƙare ko a ba ka mai suna iri ɗaya amma gashin wani zubin daban, kalar ta ɗan sha bamban, sai an manna a ga rabin ɗaki ya fi rabi haske. Ka duba lambar zubi a jikin kwalayen ta zama ɗaya, kuma in an gama ka ɓoye kwali guda a sito, ranar da tukunya ta faɗo za ka gode wa kanka.

Shi ma mai sa tayil ba kowa ba ne, birkila daban mai tayil daban ko da yake kowa cewa yake ya iya. Wanda zai ɗiga kwaɓi a kusurwa huɗu da tsakiya ya ɗora, ya bar maka iska a ƙarƙashi, wannan ɓarna ya yi maka. Ka bi da kan makulli kana ƙwanƙwasawa, duk inda ka ji yana amsawa kamar ganga to ba komai a ƙasansa, a cire a sake tun bai karɓi cikon kuɗinsa ba. Tayil ɗin seramik na gama-gari yana shan ruwa, shi ya sa ake jiƙa shi kafin a ɗora a kan kwaɓin siminti. Na fosilin kuwa, wato wanda ya fi seramik tauri, kusan ba ya shan ruwa sam, ƙasa da rabin kashi 1 cikin 100, don haka siminti zalla ba ya kama shi sosai, gam ɗin tayil yake so, ga tsada an saya ga shi kuma an hana shi gam. Wani abin kuma, a ce a haɗe su ƙam babu layi don ya fi kyau. Zafin Maris da Afrilu na garin nan ba wasa ba ne, tayil na buɗewa in ya sha zafi, in bai samu wajen motsi ba sai wata rana ka ji fau, tsakiyar ɗaki ta tashi sama. A bar milimita 2 zuwa 3 a tsakani da 'yar tazara a jikin bango wadda na gindin bango zai rufe.

To wai dole ne ma ko'ina sai tayil? Tsakar gida inda ake daka da wanki da hura gawayi, turmi zai farfasa shi cikin 'yan watanni, daɓen siminti mai ɗan kaushi ko intalok ya fi dacewa da nan, intalok ma in bututu ya fashe sai a ɗaga a gyara a mayar. Ɗakin tsofaffi kuma a tuna da sanyin tayil da asuba lokacin hunturu, mutanen da a ƙasa suke zama su ci abinci su yi lazimi, ko dai a bar musu siminti da leda ko a tanadi darduma mai kauri. Tarazo, wato daɓen siminti mai gauraye da tsakuwa da ake gogewa ya yi sumul, da aka yi watsi da shi wai tsohon yayi ne, je ka duba tsofaffin makarantu da ofisoshi ka ga yadda yake nan daram, illa dai masu iya zuba shi da goge shi sun yi ƙaranci, kuma shi da mabul ba sa shiri da asid ɗin da ake wanke banɗaki da shi, yana cinye fuskarsu, ko a kan tayil ma yana cinye abin da aka cike layukan da shi.

Leda da kafet na jeren amarya su ma akwai magana. Ana shimfiɗa leda a kan simintin da bai gama bushewa ba ko mai ƙurarraji, sati kaɗan ta huje a wajen ƙafar kujera, ƙasanta ya yi gumi ɗaki ya ɗauki wari. A bari ya bushe, a shafe ramukan, a share tsaf ko ƙwayar tsakuwa kar a bari. Kafet mai rufe ɗaki bango zuwa bango kuwa ma'ajiyar ƙura ce, in akwai mai asma a gidan a haƙura da shi a sayi na tsakiya wanda za a iya fitarwa a kakkaɓe a shanya. Kaskon turaren wuta kuma a nema masa faranti ko guntun tayil a ɗora, don garwashi ɗaya ya isa ya ɓata ledar da ko wata ba ta yi ba.

Daɓen katako da ake gani a hotunan Instagram, mai haɗe-haɗen nan, yana da kyau ba musu, amma in ruwa ya shiga tsakaninsa kumbura yake ba ya komawa, ga kuma gara in ƙasan da danshi. In dai zanen katakon ne ya burge ka, akwai tayil mai irin zanen, shi ka ce a nuna maka, kuma shi ma ka ɗiga masa ruwan ka shafa kafin a ɗaure kwali.