Darasi na 7: Tafiyar Rabin Awa da Lokacin Sauya Kambas

Manomin da ya yini yana dashen shinkafa a fadamar Argungu ba ya bukatar kowa ya ce masa ya motsa jiki. Haka masuncin da ke tuƙa kwalekwale a Yawuri, haka matar da ke jan ruwa a rijiya, ta yi sussuka ta yi daka. Aikinsu ya ishe su. Wannan darasi na sauranmu ne: mai shago a babbar kasuwar Birnin Kebbi wanda ke zaune kan benci daga hantsi har magariba, da tela, da direba, da ɗan kabu-kabu, da ma'aikacin ofis, da uwargidan da injin niƙa da famfo suka ɗauke mata aikin da mahaifiyarta ta yi da ƙarfinta.

Da can da ƙafa ake zuwa kasuwa, da ƙafa ake zuwa gaisuwa da zumunci. Yanzu ko masallacin Juma'a na unguwa sai an tsayar da babur. Tuwon da muke ci bai ragu ba, mai da sukari ma ƙaruwa suka yi, amma jiki ya daina aikin da zai ƙone su. Yawan zaman nan yana cikin abubuwan da ke jawo ƙiba da hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hawan jini, domin yakan daɗe a jikin mutum bai ji komai ba, sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye.

Nawa ne ya isa?

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a kan wannan. Ta ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a kowane mako. Mu ɗauki ƙaramin adadin. Raba 150 gida 5, za ka samu 30. Wato rabin awa a rana, kwana biyar a mako. Ba dole ne a yi rabin awar a jere ba. Minti 15 bayan sallar asuba, minti 15 da la'asar sakaliya, lissafi ya cika.

Amma ba tafiyar ganin gari ake nufi ba, wadda ake yi ana tsayawa gaisawa a kowace ƙofa. Ɗaga ƙafa za ka yi har ka ji numfashinka ya ƙaru, jikinka ya ɗauki ɗumi. Ga yadda za ka gane ka yi daidai: kana iya magana da abokin tafiyarka, amma ba za ka iya rera waƙa ba. In haki ya hana ka magana gaba ɗaya, ka yi yawa, sassauta.

Wanda ya daɗe bai taka ba, kada ya fara da rabin awa. Ya yi minti 10 a makon farko, ya ƙara minti 5 a kowane mako. Sannu ba ta hana zuwa. Na fi son in ga mutum yana minti 10 kullum a kan ya yi awa guda ranar Asabar, ya kwana da ciwon jiki, ya ce ya tuba.

Ke kuma uwargida, in fita ba ta yiwuwa, tsakar gida ta isa. Ki zagaya ta da sauri ke da abokiyar zamanki ko 'yarki, ki duba agogon waya. Shara da wanki da daka duk motsi ne.

Hukumar ta ƙara da cewa a ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Wannan ba ya bukatar ƙarfe ko kuɗi. Zauna kan kujera ka miƙe ba tare da ka dafa komai ba, sau 10. Dafa bango da tafin hannu biyu, ka matsa kusa da shi ka ture kanka baya, sau 10. Wanda ya kai shekara 65 ya haɗa da tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango, kwana uku a mako, don ƙafarsa ta tsaya da kyau kada ya riƙa faɗuwa.

A yi la'akari da yanayin ƙasarmu. A watan Afrilu zafin rana a Kebbi yakan haura digiri 40, saboda haka tafiyar bazara ta asuba ce ko ta bayan faɗuwar rana, kuma a sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. Da hunturu, ranar da hazo ya yi kauri, mai asma ya yi tasa a cikin gida. Da azumi a bari sai an sha ruwa. A tsaya cikin gari, a tafi biyu ko uku, a kuma bi gefen titin da za a riƙa fuskantar motoci masu zuwa.

Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya, da mace mai ciki, su fara tambayar ma'aikacin lafiya. Duk wanda ya ji ƙirjinsa ya riƙe, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne.

Takalmin da za a taka da shi

Silifas ba na doguwar tafiya ba ne. Ba ya riƙe dunduniya, yatsu ne ke ta faman damƙe shi, ga santsi, ga ƙaya da kwalba. Kambas ya fi, na maza da na mata duka, kuma ba ya hana sa hijabi ko babbar riga.

Ɗauki kambas ɗinka ka dube shi yanzu. Kashi uku ne. Akwai yadin sama mai igiya. Akwai robar ƙasa mai zane-zane, wadda ke taɓa ƙasa ta hana santsi. A tsakaninsu akwai soso mai kauri, sau da yawa fari ne. Wannan soson shi ne ran takalmin. Duk taku ɗaya, shi ke karɓar nauyinka ya lotsa ya dawo, ya rage jijjigar da za ta hau idon sawu da gwiwa da ƙugu.

Kowa ya san katifar soso da ta tsufa. Rigarta na nan da kyau, amma in ka kwanta sai ka ji katakon gado a bayanka. Haka soson kambas yake mutuwa, a ɓoye. Yadin sama yana iya zama garau, ka wanke shi ya yi fes, alhali abin da ke kare ƙafarka ya daɗe da ƙarewa. A nan ne yawancinmu muke ruɗuwa, domin mun saba sai takalmi ya yage muke cewa ya mutu.

Mu yi lissafi

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a sauya kambas na gudu ko na tattaki bayan ya yi kilomita 500 zuwa 800. Daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato kusan kilomita 150 ne, ka ga 500 ta fi wannan tafiya sau uku.

Mai ɗaga ƙafa yakan ci kamar kilomita 5 a awa guda. A rabin awa ke nan kilomita 2 da rabi. A kwana biyar, 12 da rabi. A mako huɗu, 50. To in kana cin kilomita 50 a wata, wata nawa za ka yi kafin ka kai 500? Wata 10. Kafin ka kai 800 fa? Wata 16. Saboda haka mai tafiyar rabin awa ya fara sa ido a kan takalminsa tun kafin shekara ta zagayo.

Wannan ƙiyasi ne kawai. Mai jiki yakan kashe soso da wuri fiye da siriri. Mai gudu yana cin kilomita da yawa fiye da mai tafiya. Wanda ke sa kambas ɗin zuwa kasuwa da gona da ko'ina, nasa lissafin ya fi haka gudu. Shi ya sa bayan lissafi sai an haɗa da ido da hannu.

Karanta wannan hira

Wani dattijo ya kai kambas ɗinsa wurin mai gyaran takalma a bakin kasuwa.

"Sannu da aiki, ɗana. Sa mini gam a nan, bakin ya ɗaga."

"Sannu da zuwa, Baba. Kawo in gani."

Saurayin ya ajiye takalman biyu a kan benci, ya tsuguna ya hango su ta baya. Na dama ya karkace waje. Ya juya ƙasansu, zanen dunduniya ya shafe sumul, har farin soso ya leƙo. Ya cire shimfiɗar ciki, ya danna babban yatsansa a tsakiya. Wurin ya yi tauri, bai lotsa ba. A gefen soson kuma ga layi-layi na tamoji.

"Baba, gwiwa ba ta damunka kuwa?"

"Wallahi kwanan nan in na dawo sai na ji ta. Na ɗauka tsufa ne."

"Zai yiwu tsufa ne, Baba, amma takalmin nan ma ya gama aikinsa. Zan iya liƙe bakin, in ɗinke yadin. Soson ne ba ni da yadda zan yi da shi. Ka bar wannan na zagayen gida, ka nemi wani na tafiya. In ka sauya gwiwar ba ta daina ba, ka je asibiti a duba."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka faɗa mini gaskiya."

Abin da saurayin nan ya yi, kai ma za ka iya a gida. Akwai ƙarin gwaji biyu. Kama takalmin baki da dunduniya ka murɗa shi. In ya murɗe ba wuya, ya saki. Sannan matsa bayansa, inda ke rungume dunduniya. In ya lanƙwashe ya kwanta, ba zai riƙe ƙafarka ba. Jikinka ma yana ba da labari: sabon ciwo a tafin ƙafa ko dunduniya ko ƙwauri, ko bororo a inda ba ka saba yi ba, alhali ba ka ƙara tsawon tafiya ba.

Sabo ko gwanjo?

Na san halin da aljihu yake ciki, kuma ba zan ce kowa ya sayi sabo ba. Amma mai sayen gwanjo ya tuna cewa wani ya riga ya ci kilomita a cikin takalmin, ba a kuma san nawa ba ne. An wanke shi, an goge, ya yi kyau a ido. Kada kyan ya ruɗe ka. Yi masa duk gwajin nan a gaban mai sayarwa, ka ajiye shi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ka hango shi ta baya, ka danna cikinsa. In ya faɗi gwaji, bar shi komai arharsa. Kuɗin da ka rage a nan za su iya tafiya wurin maganin gwiwa.

Ka je saye da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan yini. Ka tafi da safar da za ka riƙa sawa. Gwada ƙafa biyu duka, a tsaye, ka ɗan taka. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafarka mafi tsawo da bakin takalmin. Kada ka yarda da "zai buɗe in ka saba". Wanda ya matse ka a kasuwa zai matse ka a hanya.

Mai ciwon suga, a nan ina roƙonka ka natsu. Ciwon yakan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, har tsakuwa ko ƙusa ta ji maka rauni ba ka sani ba, kuma raunin yakan ƙi warkewa. Kafin ka sa takalmi, zazzage shi, ka zura hannu ka shafa cikinsa. Kada ka taka ba takalmi, ko a tsakar gida. Kowane dare ka duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu, in idonka ba ya kai wa ka sa wani ya duba maka. Ko ƙaramin ciwo ka gani, asibiti. Zazzage takalmi kuwa na kowa ne, saboda kunama.

Don kambas ya daɗe, a kwance igiya kafin a cire shi, kada a taka bayansa a mayar da shi silifas. In ya jiƙe da damina, a cire shimfiɗar ciki, a cusa takarda, a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa. Rana mai zafi da bakin murhu suna sakar da gam, suna kuma busar da soso. Mai hali ya yi biyu yana musanyawa.

Aikin gida

1. Ɗauki biro ka rubuta wata da shekarar da ka fara sa kambas ɗinka a jikin yadin da ke ƙarƙashin igiya. In ba ka tuna ba, rubuta na yau.

2. A littafinka, rubuta ranakun mako bakwai. Duk ranar da ka yi tafiya, rubuta yawan mintin a gabanta. Ranar Juma'a ka haɗa jimla ka kawo aji.

3. Wata mata tana tafiyar awa guda a rana, kwana biyar a mako. Kilomita nawa take ci a mako huɗu? Bayan wata nawa takalminta zai kai kilomita 500?