Albasar da ke ruɓewa a rumbu, tun a gona aka kashe ta

Duk wanda ya san fadamun Goronyo, Wurno, Kware da Gada a jihar Sakkwato ya san yadda abin yake. A Maris da Afrilu albasa ta cika kasuwa, farashi ya faɗi warwas, sai mai haƙuri ya zuba tasa a rumbu yana jiran ƙarshen damina, lokacin da buhu ke daraja. Ran da ya buɗe, wari ne zai fara tarbarsa. Sai a ɗora wa zafi laifi, ko mai ginin rumbun. Alhali galibi tun a fangali aka yi ɓarnar.

Babban mai laifi shi ne yuriya. Takin nan kashi 46 cikin ɗari nasa sinadarin naitirojin ne, aikinsa ganye. Manomi ya ga lawashi ya yi kore shar, ransa ya yi fari, sai ya ƙara watsawa har bayan albasa ta fara kai. Abin da zai samu shi ne albasa mai ƙaton wuya, cike da ruwa, wuyan kuma ba ya rufewa. Ta nan ruɓa ke shiga. A sa takin gida wanda ya ruɓe sosai kafin dashe, a bi da kamfa, wato takin zamani na NPK, a makonni biyun farko, yuriya kuma kaɗan a wajen mako na huɗu zuwa na shida. Da zarar kai ya fara fitowa, a ɗaure bakin buhun takin.

Ban-ruwa ma haka. Wasu na kunna inji har jajibirin cira, wai don albasa ta yi nauyi. Ni dai na kasa gane wannan lissafin, tunda da buhu muke sayarwa, ba da sikeli ba. A yanke ruwa kwana 10 zuwa 14 kafin a cire.

Sai gaggawa. Albasa da kanta take faɗin ta nuna: wuya ya yi laushi, lawashi ya kwanta. A bari sai aƙalla rabin gonar ya kwanta. Wanda ya cire tana tsaye don ya ji dillali ya ce kasuwa ta motsa, to ya sayar nan take, kada ya kuskura ya ajiye. Bayan cira kuma kada a bar kawunan tsirara a rana. Zafin Sakkwato a Afrilu yana haura digiri 40, dafa ta zai yi. A jera ta yadda lawashin wannan layi zai rufe kan wancan, ta sha iska 'yan kwanaki, sannan a yanke a bar wuya kamar faɗin yatsa biyu. Masu son gabu sukan yanke lawashi tun yana ɗanye, kuma dab da kai; an samu na miya, an rasa na buhu.

Iri kuwa, na albasa ba ya jure ajiya. Wanda ya wuce shekara, tsirowarsa sai a hankali. Dashe ya kasance na mako shida zuwa bakwai. Wanda ya tsufa yakan yi saurin fitar da fure ko ya rabu biyu, kuma duka biyun ba sa zama a rumbu.

Akwai kuma masu maimaita albasa a fili ɗaya kowace shekara, in sun canza sai su sa tafarnuwa. Ai dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. A shigo da shinkafa, masara ko alkama tsakani.

Shi kansa rumbun, abin da yake so iska ce ta ƙasa da ta gefe. A ɗaga shi a kan itace, a shimfiɗa kara, a rufe da ciyawa yadda ruwa ba zai ɗiga ba. Kada a tsibe ta da tudu, kada leda ta kusance ta. Kafin a zuba a tsince mai rauni, mai ƙaton wuya da wadda fartanya ta taɓa, a kai su kasuwa tun da wuri. Sauran kuma a riƙa dubawa duk mako biyu, musamman a Yuli da Agusta da iska ke da laima, ana fitar da duk wadda ta yi laushi ko ta fara tsiro.