Yadda Ake Tunkarar Matsakaicin Ciwon Damuwa Ba Tare da An Saki Magani a Hanya Ba

In ka wuce mako biyu kana tashi da nauyi a ƙirji, abin da ke faranta maka rai a da ya daina, barci ya ɓaci, amma kana lallaɓawa ka fita aiki, to da kai nake. Likitoci na auna tsananin ciwon damuwa da wata takarda mai tambayoyi 9 da ake kira PHQ-9, kuma maki 10 zuwa 14 cikin 27 shi ne matsakaici. Ba ka kwanta ba, jan kanka kake yi kawai.

Da farko, ka gaya wa mutum ɗaya. Ɗaya na ce. Ka guji wanda amsarsa ita ce "ka cire abin a ranka mana." Kuma ka faɗa masa takamaiman abin da kake so: "Ka raka ni wurin likita ranar Talata," ko "Ki riƙa kirana da safe." Masu ƙaunarka na son taimaka maka, ba su san ta ina za su kama ba ne.

Na biyu, ka ga likita. Ba sai likitan ƙwaƙwalwa ba, kowane likita zai iya farawa da kai. Ka rubuta alamun a takarda tun daga gida, domin a gaban likita baki kan yi nauyi, mutum ya ce "ciwon kai ne" ya fito. Ka nemi a duba jininka, don ƙarancin jini da matsalar tayirod (wata gaɓa a wuya mai daidaita kuzarin jiki) kan zo da gajiya irin wannan. Idan ka taɓa yin kwanaki ba ka barci amma kana jin ƙarfi da rawar kai fiye da kima, ko kuma mace ce mai juna biyu, lallai a faɗa masa, saboda yana canza irin maganin da zai rubuta.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Idan aka rubuta maka magani irin su fluoxetine ko sertraline, ka sani illarsa ke riga amfaninsa zuwa. A makon farko za ka iya jin tashin zuciya, ciwon kai, ko barcin ya ƙara rikicewa. Sauƙi kuwa sai bayan mako 2 zuwa 4 yake fara leƙowa, wani ma sai ya kai 6. A wannan tazarar mutane ke faɗuwa. Ƙanena kwana 12 ya sha ya ajiye. Na tarar da katin maganin a aljihun rigarsa, saura ƙwayoyi jere ba a ɓalle ba, na tambaye shi, ya ce, "Yaya, ƙara min ciwo yake." Ba ƙarya ya yi ba, abin da jikinsa ya ji ke nan, sai dai babu wanda ya gaya masa haka farkon yake. Wata uku muka yi asara kafin ya yarda ya koma.

Don haka dokata ita ce: ka haɗa shan maganin da abin da ba ka fashinsa, kamar wanke baki, ka yi alama a kalanda kullum. Idan illar ta yi yawa, likita za ka koma wa ya rage ko ya canza, ba kai za ka yanke ba. Faɗuwa ta biyu tana zuwa ne ranar da ka ji garau. Ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an samu sauƙi, kuma a hankali ake janye shi. Tsayawa farat ɗaya na kawo jiri, fushi da rashin barci, kuma ciwon na iya dawowa. In kuɗi ne matsala, ka tambayi mai ba da magani ko akwai na wani kamfani mai sinadari ɗaya, sau da yawa ya fi araha. Amma kada ka karɓi ragowar maganin wani, kada kuma ka nemi barci da giya ko ƙwaya.

Idan tunanin kashe kai ya zo maka, ko da sau ɗaya, a ranar za ka je sashen gaggawa da wani a gefenka. Masu shekara ƙasa da 25 a sa musu ido sosai a makonnin farko na magani.

Ka tambaya kuma ko akwai zaman tattaunawa da ƙwararre, irin zaman da ake kira CBT. Sau ɗaya ne a mako na 'yan watanni, ana koya maka kama mummunan tunani ka auna shi. Wasu shi kaɗai ke wadatar da su, ni dai na fi son a haɗa biyun.

Sauran ka san su. Ka tashi lokaci ɗaya kullum, ka yi tafiyar minti 30, ka shiga mutane ko na ɗan lokaci ne. Kada ka jira sai ka ji sha'awa, ka fara tukuna. Ranar da minti 30 ya gagara, ka sa takalmi ka yi biyar.