Idan ciwo mai yaɗuwa ya kwantar da ke, ya za ki yi da masu aikin gidanki?

Da bazarar bara farankama ta shigo gidanmu. Autana ya kwaso ta a makaranta, bayan sati biyu ni ma na wayi gari da zazzaɓi da ƙuraje har cikin gashin kaina. Mutum uku ke yi mana aiki: Iya mai girki da ke zuwa da hantsi ta tafi bayan la'asar, wata bazawara da ke kwana a gidan tana shara da wanke-wanke, sai mai wanki da guga da ke zuwa ran Asabar.

Abu na farko, ki kira su a waya tun kafin su kamo hanya, kuma ki faɗi sunan ciwon. Kada ki tsaya a "ba na jin daɗi". Ki tambaya ko sun taɓa yin sa, ko akwai mai ciki ko jariri ko tsoho a gidansu. Da na tambayi Iya, ashe 'yarta na gida da tsohon ciki, ta zo goyon ciki. Farankama kuwa tana da haɗari ga mai cikin da ba ta taɓa yi ba, da ita da abin da ke cikinta.

Na ce, "Iya, ki yi zamanki a gida sai na neme ki." Ta yi shiru, can ta ce, "Allah ya sawwaƙe, Hajiya. Ai zan iya zuwa in tsaya iya kicin." Nan na gane abin da ke ranta. Albashinta take tunani, kunya ta hana ta tambaya. Saboda haka maganar kuɗi ke za ki fara ɗauko ta, a wannan kiran na farko: kuɗinki yana nan cif, ba za a taɓa ko kwabo ba. In ba ki faɗa ba, gobe za ki gan ta a ƙofar gida, don mai jiran ƙarshen wata ya biya haya ba ya iya cewa a'a.

Ni a ganina babu wani lissafi a nan. Lafiyarta ƙalau, a shirye take ta yi aiki, ciwon naki ne. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ma ta ce idan ma'aikaci ya zo a shirye amma mai aikin bai ba shi aiki ba, ladan ranar yana kansa. Kada kuma ki cire kwanakin daga hutun Sallarta ko kwanakin da take zuwa ganin gida. Wannan ba hutu ta ɗauka ba.

Akwai abin da muke mantawa: abinci. Iya a gidanmu take karyawa, ta ci na rana, ta kuma tafi da kwano cike ga jikokinta. Zamanta a gida ya ɗauke mata duk wannan. Sai na tura mata kuɗin cefane ta waya, ta cira a wajen mai POS na bakin layinsu.

Kwana nawa? Ki tambayi likita, kada ki yi kirdado. Mai farankama yana yaɗa ta tun kwana 1 ko 2 kafin ƙurajen su fito, har sai duk sun bushe sun yi ɓawo, kusan mako guda. Tarin fuka lissafinsa daban ne, likita ne zai faɗi ranar da za a iya shiga ɗakin mai shan magani.

Wadda ke kwana a gidan, batunta ya fi wuya. Zuciya za ta ce ki ba ta kuɗin mota ta tafi ƙauye, amma ta riga ta shaƙi iskar gidan. Farankama kan ɗauki kwana 10 zuwa 21 kafin ta bayyana, sai ta je ta sauke wa gidan da babu asibiti kusa. Na bar ta a ɗakinta, da kwanonta da kofinta daban. Abinci ta ajiye min a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa. Zanin gadona da kayan da na cire ban bar ta ta taɓa ba. In jinya kike so ta yi miki, ki tambaye ta tsakani da Allah, ki sanya kuɗin jinyar daban, in ta ƙi kuma kada ta ga canji a fuskarki. Idan ta kamu, asibiti da magani a kanki ne, albashinta kuma yana tafiya. Doka ta ba ma'aikaci kwana 12 na jinya da biya a shekara, amma ciwon da ta ɗauka a ɗakina ba zan ƙirga mata kwanakinsa ba.

Mai wanki shi ne na kusa mantawa, don ba ɗan albashi ba ne, iya kayan da ya wanke iya kuɗinsa. Asabar biyu bai zo ba. Na duba abin da ya saba samu a kowane zuwa, maigida ya tura masa. Ran da ya dawo ya tarar da kaya jibge a tsakar gida, ya ce tunda an riga an biya shi, wannan wankin a bar shi kawai. Na ce a'a, Malam, ƙirga min su kamar kullum.