Zane da biro: kurakuran da ke ɓata aiki da yadda ake gyara su

Yawancin masu fara zane da biro suna riƙe shi yadda suka saba riƙe shi a aji wajen kwafar darasi: yatsu a kusa da baki, hannu a danne. Kusan duk sauran matsaloli daga nan suke tasowa. A bakin biro akwai ɗan ƙwallon ƙarfe mai tsananin tauri, wanda faɗinsa milimita 1 ne a Bic Cristal da kowa ya sani, kuma yana juyawa yana ɗebo tawada daga bututu yana shafa wa takarda. Tawadar mai kauri ce, mai maiƙo, ba ta kwarara kamar ta alƙalami. Saboda haka idan aka taɓa takarda a hankali, 'yar kaɗan take sauka, layin ya fito dishi-dishi kamar na fensir. Wannan halin shi ne jarin mai zane. Laszlo Biro, ɗan jaridar ƙasar Hangari da ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938, don rubutu ya yi shi, kuma sunansa ne muke kiran abin da shi. A Nijar kuwa bik ake cewa, daga kamfanin Bic na Faransa da ya fito da Cristal a 1950. Amma wanda ya ga fuskokin da Oscar Ukonu na Nijeriya ko Enam Bosokah na Gana suke fitarwa da biro zalla, ya san abin ya wuce kayan rubutu.

Danna biro don neman duhu

Mai koyo yana son wuri ya yi baƙi, sai ya danna. Abu uku ke biyo baya. Takarda ta lotsa ta yi kwari, kuma duk layin da ya zo daga baya zai tsallake kwarin ya bar farin zare a gefensa. Tawada ta taru ta yi ƙyalli. Sannan babu sauran hanyar komawa baya, don biro ba ya goguwa.

Duhu a zanen biro hawa-hawa ake gina shi. Ka ja yatsunka baya kamar santimita 4 zuwa 5 daga baki, ka bar nauyin biron kansa ya yi aikin. Ka zana akwatuna biyar, kowanne santimita 2, a jere. Na farko ka cika shi da layuka marasa nauyi masu fuskantar gefe guda. Na biyu ka yi haka, sannan ka ɗora wasu layuka a gicciye, kamar saƙar tabarma. Na uku hawa uku, har zuwa na biyar, kana sauya kusurwa a kowane hawa. Idan akwati na biyu da na huɗu sun yi kama da juna, hannunka bai saki ba tukuna, sai a sake. Minti goma a kullum na mako biyu a kan wannan ya fi zanen fuska goma da aka yi da hannu mai nauyi.

Ɗauki tulu a matsayin gwaji. Ka ajiye shi kusa da taga, haske yana zuwa daga hagu. Kafaɗarsa ta hagu, inda haske ya fi bugawa, ba a taɓa ta ko kaɗan, farin takarda ne hasken. Daga nan layuka su fara, siraru, suna bin lanƙwasar cikin tulun, suna ƙara matsewa yayin da kake tafiya dama. Wurin da ya fi duhu yana ɗan ciki kaɗan daga gefen dama, don ƙasa da bango suna mayar da ɗan haske a kan gefen. Mai koyo yakan cike gefen nan da baƙi, sai tulun ya baje ya zama kamar faifai. Haka kuma idan layukan inuwa suka miƙe sambal a kan abu mai zagaye, ido zai karanta shi a matsayin allo.

Kuskuren da ke tafiya tare da wannan shi ne zagaye siffa da layi mai kauri tun farko. Idan kunnen tulu ya karkace, ya zauna ke nan. Fara da ɗige-ɗige da layuka masu rauni, guda biyu ko uku a wuri ɗaya, ka zaɓi wanda ya yi daidai daga baya. Waɗanda suka kauce za su nutse cikin inuwa.

Dunƙulen tawada

Babu abin da ke ƙona ran mai zane kamar wannan. An kai awa shida a kan fuska, sai biro ya ajiye ɗigon tawada a tsakiyar kunci. Dalilinsa shi ne ƙwallon ba ya sauke duk abin da ya ɗebo. Ragowar tana taruwa a leɓen bakin biro tare da ɓurɓushin takarda, kuma da zarar an juya biron ko an sauya kusurwa sai ta sauka. Layuka masu sauri da yanayin zafi suna ƙara yawanta, domin tawada tana saki idan ta ji ɗumi.

Maganinsa ɗabi'a ce da za a koya wa hannu. Ka naɗe tishu ko tsumman auduga ka ajiye kusa, ka goge bakin biro bayan kowane layi 15 zuwa 20, kuma duk lokacin da ka ɗaga hannu ka huta, ka fara a kan takardar gwaji kafin ka koma kan aiki. Idan ɗigon ya riga ya sauka, kada ka shafa shi. Ka ɗora kusurwar tishu a kansa, ka ɗaga tsaye, ka bar wurin ya bushe sosai. Idan takardar mai kauri ce ana iya kankare saman tabon da tsinin sabuwar reza, a hankali, amma wurin da aka kankare ba ya karɓar tawada sumul bayan haka. Sau da yawa ya fi sauƙi a faɗaɗa inuwar da ke kusa ta haɗiye shi. Farin ruwan goge rubutu kuwa a bar shi a ofis: farinsa ya bambanta da na takarda, kuma biro yana karce shi.

Biro biyu ko uku iri ɗaya ake ajiyewa ana musanyawa. Wanda tawadarsa ta kusa ƙarewa kada a yar da shi, shi ne ya fi ba da layi mai rauni na fata da girgije.

Hannu a kan takarda

Tawadar biro tana kama da ta bushe nan take, amma inda aka yi hawa da yawa tana ɗaukar lokaci. Gefen hannu ya bi ta kai, aiki ya dabbare. Gumi da man shafawa ma ɓarna suke yi ta wata hanyar: inda maiƙo ya taɓa takarda, ƙwallo yana zamewa ba ya juyawa, layi ya riƙa yankewa. Sai mai zane ya ɗauka biron ne ya mutu. Ka wanke hannu, ka sa wata takarda mai tsabta ƙarƙashin tafinka, kana ɗaga ta in za ka matsa, ba jan ta ba. Mai dama ya fara daga sama ta hagu ya gangaro, bahago ya fara daga dama. Turare mai sifirit da man tsaftace hannu suna narkar da tawadar, don haka a nisanta su da tebur.

Takarda da abin da ke ƙarƙashinta

Takardar ofis mai giram 80 (nauyin murabba'in mita ɗaya nata ke nan, ma'aunin kaurin takarda) ta isa atisaye, amma bayan hawa huɗu ko biyar tana lanƙwashewa, tawada ta leƙo ta baya. Aikin da za a ajiye yana son giram 160 zuwa sama, mai santsi. Takarda mai kaushi irin ta fentin ruwa tana kakkarya layi, tana kuma ƙara ɓurɓushi a baki. Kada a zana a kan tebur tsirara, domin jijiyar katako za ta bayyana a cikin inuwa. Takardu huɗu ko biyar a ƙarƙashi sun wadatar. Idan shimfiɗar ta yi laushi da yawa, biro zai nutse.

Mai fara shata siffa da fensir ya yi amfani da HB ko mai tauri, a hankali. Fensir mai laushi yana barin baƙin gari mai santsi da ke toshe ƙwallo. Goge shatin fensirin kuma sai tawada ta kwana ta bushe.

Akwai masu manna takarda a bango su zana a tsaye. Biro da nauyin tawada yake aiki, baki ƙasa. Idan bakin ya kalli sama, iska ta shiga bayan ƙwallo, tawada ta yanke. Allon da aka ɗan jingina ya fi. Haka nan kwantar da biro ƙwarai yana sa leɓen ƙarfe ya karce takarda ba tare da tawada ba. Da sanyin hunturu tawada takan daskare da safe, sai a murza biron tsakanin tafuka na ɗan lokaci. Da bazara kuma kada a bar shi cikin mota ko a rana, zai yi yoyo.

Bayan an gama

Yawancin tawadar biro rini ce, kuma rini yana koɗewa a hasken rana. Zanen da aka rataye yana kallon taga zai dushe, baƙin ma yakan juya zuwa wani launi. Ka yi sikanin aikin ranar da ka gama, ko ka ɗauki hotonsa a inuwa mai haske, ka ajiye na asali a kwance cikin jakar kwali, da farar takarda tsakanin kowane zane da na kusa da shi. Abin fesawa da ake kare zanen gawayi da shi yana iya sa tawadar biro ta bazu, don haka a gwada shi a kan takardar gwaji tukuna. Idan za a sa a firam, a zagaye zanen da kwali mai kauri yadda gilashi ba zai taɓa fuskarsa ba, a rataye shi a bangon da rana ba ta kaiwa.