Kafin Ka Ɗora Buroshi a Bangon Mutane a Legas

Shekaruna da dama ina zanen bango a garin nan: gidajen abinci, makarantu, otal-otal, har da wuraren suya da suka bunƙasa suka sa kujeru. Yawanci daji ake so, ko duwatsu da rafi da bishiyoyin dabino. Abin da ya dame ni shi ne, duk yaron da ya fara sana'ar sai ya faɗa ramin da muka faɗa, kamar ba a taɓa yi masa magana ba.

Babban kuskure shi ne yarda da bango don kawai ka taɓa shi ka ji a bushe. Ƙanena, nan ba Kano ba ce. Iskar Legas da danshi take kwana, da shi take tashi, ruwan Yuni da Yuli kuwa ba ya barin katanga ta huta. Sabuwar filasta tana bukatar aƙalla kwana 28 kafin fenti ya hau ta, kuma a damina ni ƙarawa nake yi. Siminti yana da kaifi, idan bai gama shan iska ba sai ya cinye launi daga ƙasa, ya turo wani farin gishiri waje.

Na koyi wannan ne a wani gidan abinci a Agege. Maigidan yana sauri ya buɗe kafin Babbar Salla, an yi filasta ko sati biyu ba a cika ba. Na ce a jira, ya ce, "Malam, ai ya bushe, taɓa ka ji." Na ji kunyar musa wa dattijo, na hau aiki. Dutsen Zuma na zana masa a bango mai tsawon mita goma sha biyu, da gajimare da gonaki a gindinsa. Kafin wata uku sararin samaniyar ya kumbura, yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Wa aka zaga? Ba wanda ya tuna da mai filasta. Da kuɗina na kankare, da kuɗina na sake sayen fenti, kuma ayyuka biyu da ake shirin ba ni a layin nan suka tafi hannun wani. Har yau idan na wuce wurin sai raina ya ɓaci.

Yanzu ga abin da nake yi: in manna leda a bango, in liƙe gefunanta huɗu da salatif, in dawo washegari. Idan na ga raɓa a ƙarƙashinta, ko wurin ya yi duhu, ba na buɗe gwangwani ko da za a ninka min kuɗi. In ya bushe, sai fentin shimfiɗa mai jure kaifin siminti tukuna. Kuma ka zagaya bayan bangon ka duba, wataƙila banɗaki ne ko bututun ruwa mai yoyo. Wajajen Lekki da bakin teku ga gishirin iska ma a kai.

Na biyu, kuma wallahi wannan ya fi ba ni haushi don ganganci ne: fara aiki da yarjejeniyar baka. Alhaji ya ce, "Ka yi min daji mai kyau," ka ce to, ka hau tsani. Wane daji? Na zuciyarsa daban, naka daban. Ka kai rabi ya kawo abokinsa, abokin ya ce a ƙara rafi, uwargida ta ce koren ya yi yawa. Me ya hana ka zana shi ƙarami a takarda, da launinsa, ya sa hannu? A rubuta girman bango, kwanakin aiki, gyara nawa ne kyauta, da wanda zai biya kuɗin katakon hawa. Ni ba na sayen ko lita ɗaya sai an ba ni rabi kafin alƙalami, domin farashin fenti ba ya jiran kowa. Wasu abokan sana'a suna karɓar kashi ɗaya cikin uku, su suka sani. Kuma tun a takardar ka tambaya ko maigida ya yarda da hoton abu mai rai. Da yawa cikin mutanenmu ba sa so, shi ya sa ma suka zaɓi daji. Na ga wanda ya kwana uku kan ayarin raƙuma aka sa shi ya shafe.

Sauran ƙanana ne, amma suna tona asirin ɗan koyo. Kada ka zana babban bango da ido, raba shi gida-gida kamar na dara da alli da igiya, ka bi ƙaramin zanenka. Dutsen da ke nesa ba ya ɗaukar launi mai ƙarfi, ka sassauta shi ya yi shuɗi-shuɗi, in ba haka ba ya taso ya zauna kan bishiyar gaba. Ka haɗa launin sama mai yawa lokaci ɗaya, don na gobe ba zai zo daidai da na yau ba, kuma ka sani fentin akirilik, irin wanda ake sirkawa da ruwa, yakan ƙara duhu in ya bushe. Ka riƙa saukowa kana tsayawa inda mai cin abinci zai zauna. A cikin ɗaki kada ka rufe aiki da abu mai sheƙi, fitila za ta haske shi ba a ga komai.

Idan kuwa katangar waje ce kuma za a sa sunan kasuwanci a jiki, ta zama talla, hukumar LASAA, wato hukumar allunan talla ta Jihar Legas, ce ke kula da wannan. Ka gaya wa maigida ya nemi izini da kansa, ka kuma sa a takardar cewa wannan nauyinsa ne.